Harsashi biyar, rufi babu: amsa ga wani ƙane mai gadi a Ikeja

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya Injiniya. Ni mutumin wajen Funtuwa ne, shekarata 28, shida daga ciki a Legas na yi su. Na yi acaba har aka hana, yanzu ina gadin dare a wani gida a Ikeja, ina zaune a Agege. Ina so in koyi haɗa sola. Ina so in gyara takardar sakandare saboda ba ni da kiredit a Turanci. Ana maganar aurena a gida, na fara biyan kuɗin fuloti, sannan abokina yana so mu haɗa jari mu riƙa sauke albasa a Mile 12. Duk shekara sai in ɗaura niyya, shekara ta ƙare ban gama ko ɗaya ba. An ce mini aikinka shi ne tsara manyan gine-gine har a gama su a kan lokaci. Wannan ilimin yana yi wa rayuwar mutum amfani, ko na gini ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya gaya maka muna gama gine-gine a kan lokaci kara ya yi mana. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a a Legas, daga Apapa zuwa Ikorodu zuwa Ajah, amma ayyukan da na miƙa makullinsu a ainihin ranar da ke cikin takardar kwangila, yatsun hannu ɗaya sun isa in ƙirga su. Abin da muka iya shi ne mu gane tun da wuri cewa za mu makara, mu san dalili, mu kuma san abin da za mu haƙura da shi don kada a yi asarar duka. Wannan kuwa yana yi wa rayuwa amfani, har ma ya fi yi wa irinka amfani a kan attajirin da in ya yi kuskure yana da kuɗin rushewa ya sake.

Ina karanta saƙonka wani fili ya faɗo mini a rai. Wani ɗan kasuwa ne ya samu buɗi, ya sayi babban fili can bayan Ajah, ya ce benaye uku yake so na haya. Na yi masa lissafi na ce, Alhaji, kuɗin nan za su gama guda ɗaya har fenti, a zuba 'yan haya, kuɗin hayar su tayar da na biyu. Ya ce shi ba ya son a riƙa yi masa ƙura bayan mutane sun tare, a haƙa duka uku lokaci ɗaya. Ƙasar wajen kuwa fadama ce, harsashi kaɗai cin kuɗi yake kamar wuta ta samu busasshiyar ciyawa. Kafin a kai linta kuɗi suka yanke. Bayan kamar shekara biyu hanya ta bi da ni ta wurin, na tsaya na leƙa. Rodi ya yi jawur da tsatsa, ruwa ya kwanta a ramuka kwaɗi na ta kuka, buhunan siminti sun daskare sun zama dutse, maigadin wurin ya shuka alayyahu a inda aka zana falo. Mutumin nan bai yi lalaci ba, ba kuma cutarsa aka yi ba. Kuɗinsa duk suna nan a cikin ƙasa, sai dai babu ɗaki ko ɗaya da za a kwana a ciki.

Kai ma harsashi biyar ka haƙa. Shi ya sa ban yarda matsalarka rashin himma ba ce. Wanda ya yi acaba a titin Legas, yanzu kuma yake raba dare ido biyu, ba za a kira shi rago ba.

A wurinmu aiki iri biyu ne. Akwai aikin kullum, wanda ba ya ƙarewa, kamar gadinka: yau ka yi, gobe ka sake. Akwai kuma aiki mai farko da ƙarshe, wanda ake cewa ran kaza za a fara, ran kaza za a miƙa, ga abin da za a miƙa. Duk ilimin tafiyar da ayyuka a kan wannan na biyun aka gina shi. "Ina so in ci gaba" bai shiga ko ɗaya ba, buri ne kawai, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin mu sa diga a ƙasa sai an rubuta yadda ginin zai kasance ranar miƙa makulli, ɗaki nawa, tayil wane iri, famfo yana kawo ruwa ko ba ya kawowa. Tun ran gini ran zane. Kai ma jimla ɗaya nake so ka rubuta wadda ko yaro ya karanta zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Misali: "Kafin ƙarshen shekara mai zuwa, zan iya haɗa wa gida sola ni kaɗai, ina da kayan aikina, kuma mutum uku da ba 'yan'uwana ba sun biya ni kuɗin aiki." Ka lura ban ce "in ƙware" ba. Ƙwarewa ba ta da ranar miƙawa. Mutum uku da suka ciro kuɗi daga aljihu kuwa ana iya ƙirga su.

Za ka ce me ya sa na zaɓi sola a cikin biyar ɗin. Bari mu fara da lissafin abin da kake da shi, domin kowane aiki a kan ƙafa uku yake tsaye: girmansa, lokacinsa, da kuɗinsa. In ka taɓa ɗaya sai sauran biyun sun motsa. Mutane suna ƙirga kuɗi, amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya ƙirga awoyinsa. Mako awa 168 ne ga kowa. In gadinka irin wanda na sani ne, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, kwana shida, awa 72 sun tafi. Zuwa da dawowa tsakanin Agege da Ikeja, da jiran danfo da cunkoso, a ce awa biyu a rana, 12 ke nan. Barci awa shida kullum, 42, kuma wannan ma ƙwauro ne. Salla da cin abinci da wanka da wanki, a ce awa uku a rana, 21. Ka tara ka gani: 147. Saura awa 21 a mako, wato awa uku a yini. In ka raba su gida biyar, kowane buri ya samu awa huɗu da 'yan mintoci a mako. Da awa huɗu a mako ba a koyon sana'a, ba a cin jarrabawa, ba a kuma tsare jari a kasuwa. Shekarunka shida a nan suka zurare.

Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da wani tsari tun wajen shekarun 1950, inda ba a barin wani sashe ya ɗauko sabon aiki sai an buƙaci abin da zai yi, don kada kaya rabi-da-rabi su cika masana'anta. Masu haɗa manhajar kwamfuta sun ara, suna ƙayyade yawan ayyukan da za a buɗe lokaci guda. Mu tun a gida aka gaya mana taura biyu ba ta taunuwa. Magana ɗaya ce.

To, wanne za a fara? A nan ne sana'armu take da abin da za ta ba ka wanda nasiha zalla ba ta da shi. A ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyi a Amurka, a kamfanin DuPont da kuma rundunar sojan ruwan ƙasar, suka fito da hanyar zana ayyuka a ga wanne ke jiran wanne. Idan ka zana su za ka tarar da wani jeri guda wanda in ɗaya daga cikinsa ya makara da kwana ɗaya, duk aikin ya makara da kwana ɗaya. Ni ina kiransa ƙashin bayan jadawali. Sauran ayyuka suna da sarari, ana iya ɗaga su babu abin da zai faru. Ɗauki dekin bene. Sai kafinta ya kafa katako, sannan mai rodi ya ɗaure, sannan mai wayarin ya binne bututunsa, sannan a zuba kankare. In an zuba, ko ɗan sarki ne kai sai ka jira mako biyu zuwa uku kafin a cire turakun ƙasa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Kuɗi ba sa rage wannan jiran. Amma fentin katanga, ko yau ko wata mai zuwa, duk ɗaya. Sabon foman shi ne za ka ga ya tara leburori a kan katanga saboda ita ake gani daga titi, alhali mai rodi yana zaune yana jiran waya ta ɗauri.

Yanzu zana naka. Aure yana jiran kuɗin shiga da ya fi na gadi. Fuloti, in ana so ya zama gida, shi ma haka. Jarin albasa haka. Uku cikin biyar a bakin ƙofa ɗaya suke tsaye. Takardar sakandare ita ma za ta iya buɗe wannan ƙofar, amma hanyarta doguwa ce: jarrabawa, sannan neman gurbi, sannan shekarun karatu, sannan neman aiki. Sana'ar hannu ta fi kusa. Kuma kasuwarta ba zato nake yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ciyar da janareta ya zama aiki, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Ka ɗaga kai ka dubi rufin gidajen unguwar da kake gadi, ka ƙirga farantan sola da ba ka gani ba shekara uku da suka wuce. Duk wanda ya sa kuwa zai nemi mai duba masa batir da inbata.

Albasa kuma, ka ba abokinka haƙuri. Ba na raina sana'ar, ta rufa wa dubban mutanenmu asiri a Mile 12. Amma kayan gwari ba a yinsu da saƙo. Mota takan iso cikin dare ko da asuba, farashi yana iya juyawa kafin azahar, abin da ya kwana kuma ya fara lalacewa. A lokacin kai kana bakin get a Ikeja. Wanda ya zuba kuɗi ba ya wurin, in an ci riba zai yi zargin an rage masa, in an faɗi zai yi zargin an cuce shi, ƙarshe a rasa jari a rasa aboki. Fuloti kuwa, in akwai yarjejeniyar biya, ka ci gaba da biyan mafi ƙarancin abin da zai hana a ƙwace, kada ka ƙara ko bulo ɗaya.

Akwai wani nau'in aiki da nake so ka kula da shi, domin shi ke ba mu kunya a wurin gini. Aiki ne ƙarami wanda yinsa minti goma ne amma jiransa watanni. Odar lifta ko taransifoma daga waje ke nan: sa hannu kawai za ka yi, amma sai an ƙera, an ɗoro a jirgin ruwa, an fito da shi daga tashar Apapa. In ka manta ba ka yi odar da wuri ba, sai a gama bene tsaf a zauna ana kallon rami. A rayuwarka takardu ne wannan. Ka ɗauko katin NIN ɗinka da tsohon sakamakon jarrabawarka ka ajiye su gefe da gefe. Sunan iri ɗaya ne? Ranar haihuwa fa? Mutanenmu da yawa a makaranta an rubuta su da sunan gari, a katin ɗan ƙasa da sunan uba, a banki kuma da wani harafi daban, Muhammad a nan, Mohammed a can. Gyaran yana ɗaukar lokaci, kuma ba a tuna shi sai ranar da ake rufe rajista. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa mutum rajista sai da NIN. Wannan ka fara shi yanzu, ba zai ci maka awoyinka ba. Ita jarrabawar kuwa ba gudu take ba: WAEC tana shirya ta masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, don haka mai yiwuwa Turancin kaɗai ne gaɓar da za ka mayar da hankali a kai. Ka sa ta a layi na biyu, bayan hannunka ya fara kama kuɗin sola. Kafin nan, daren gadi dogo ne. Shafi biyu na karatu kowane dare ba zai hana ka jin motsin get ba.

Sai maganar wa'adi. Ɗan Adam bai iya kintacen lokaci ba, kuma ba talaka kaɗai ba. Jirgin ƙasan nan na Blue Line da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tun zamanin Gwamna Fashola aka fara shi, amma sai a Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja. Matatar man Ɗangote da ke Ibeju-Lekki, a 2013 aka yi shelarta, aka ƙaddamar da ita a Mayun 2023, bayan an ɗaga ranar gamawa ba sau ɗaya ba. Waɗannan suna da injiniyoyi da masu lissafi rututu. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin abin tun 1979: in mutum zai kintaci aikinsa, hanyar da komai ya tafi daidai yake hangowa, ya manta da yadda ta kaya da waɗanda suka riga shi. Maganinsa mai sauƙi ne. Kada ka tambayi zuciyarka wata nawa za ka yi kana koyo. Ka je ka samu mutum uku ko huɗu da suke cin abinci da sana'ar, ka tambaye su wata nawa suka yi kafin a fara ba su aiki su kaɗai. Akwai wani lissafi da muka gada daga sojan ruwan nan na Amurka: ka ɗauki mafi gajeren lokaci, ka ƙara da lokacin da aka fi sabawa sau huɗu, ka ƙara da mafi tsawo, ka raba gida shida. A ce sun ce maka mai kaifin kai wata 6, yawanci wata 12, wanda abubuwa suka cakuɗe masa wata 24. Shida da arba'in da takwas da ashirin da huɗu, 78 ke nan, a raba shida, wata 13. Misali ne na ba ka, lambobin gaskiya a bakinsu za ka ji. Amfaninsa shi ne in wata na bakwai ya zo ba ka gama ba, ba za ka ce ka gaza ka watsar ba.

Batun haɗari kuwa ba sai na koya maka ba, ka ɗanɗana. A Fabrairun 2020 gwamnatin jiha ta hana acaba a manyan sassan birni, aka sake jaddadawa a Yunin 2022, Ikeja na ciki. Alamu sun daɗe suna nunawa, amma mutum nawa ne suka tanadi abin yi kafin ranar? Mu a wurin gini muna da takarda guda da muke jera abin da zai iya ɓata aiki, kowanne da abin da za a yi in ya faru: damina ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, siminti ya tashi, 'yan unguwa masu cewa filin kakansu ne su tare tifa. Sannan muna ware wani abu, sau da yawa kamar kashi goma cikin ɗari, wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Kai ma ka zauna ka ɗauka shekara ta zagayo abin ya rushe, ka tambayi kanka me ya rusa shi. Maigidan ya sallame ka? An kira daga gida cewa Inna ba lafiya? An sace waya da lambobin kwastomomi a ciki? Mai koya maka ya mayar da kai ɗan ɗaukar tsani kawai? Kowanne ka rubuta masa amsa layi ɗaya. Ka ware ɗan abu duk wata, ko adashi ne, wanda ba na aure ba ne ba na fuloti ba. Wani zai ce wannan ƙarancin tawakkali ne. Ai hadisin sananne ne, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Haɗari ɗaya ba na so ka sa shi a layin sauran, domin na rai ne. Wanda ya kwana ido biyu bai kamata ya hau rufi da safe ya kama wayar wuta ba. Na taɓa ganin lebura ya zamo daga kan sikafol saboda gyangyaɗi, Allah ya yi da sauran kwanansa ya faɗa kan tulin yashi. Saboda haka awa ukun nan taka ba a warwatse za ka yi amfani da su ba. Ranar hutunka ta zama cikakkiyar ranar fita aiki, sauran ranaku kuma sai bayan ka yi barci, ko da a shago ne kana kallon yadda ake buɗe inbata.

Wannan ya kawo mu kan mutane, inda yawancin ayyuka ke mutuwa. Zane bai taɓa ba ni wahala kamar mai gini ba. An kai linta sai ya zo da matarsa ran Lahadi, Litinin a kira ni a ce a ƙara ɗaki a mayar da kicin baya. Da ina yaro a aikin sai in ce to, don kunya. Daga baya na koyi cewa: "To Alhaji, za a yi. Zai ci kuɗi kaza, zai ƙara mako kaza, ga takarda sa hannu." Rabin buƙatun a nan suke mutuwa da kansu. Kai masu ruwa da tsaki a aikinka su ne mahaifanka, dangin yarinyar, maigidan da kake yi wa gadi, abokin gadinka, da ogan da zai koya maka. Kowannensu zai iya tsayar da kai, kuma babu wanda ya san shirinka in ba ka faɗa ba. Ban ce ka jinkirta aure sai ka yi arziki ba, wannan ba hurumina ba ne, manya suna nan. Abin da na ce shi ne kada ka bar maganar a "sai Allah ya hore", domin mutanen gida za su cika gurbin da ranar da suka ga dama. Ka samu kawunka ko wanda ke shige maka gaba, ka ce masa ga abin da nake koyo, ga watan da nake sa ran fara samu, ina roƙon a sa rana bayan nan. Magana mai wata a ciki ana iya kai ta gidan surukai. Haka in aka bugo ana neman gudummawar biki ko suna, kada ka ce babu, kada kuma ka kwashe kuɗin mita da filaya ka tura. Ka san abin da ka ware wa gida duk wata, in za a haura shi ka san wane abu ne ka ɗaga.

Da ogan sola kuwa ku yi magana a fili tun ranar farko, a gaban shaida: wata nawa, nawa za ka biya in ana biya, ranakun da za ka zo, da lokacin da zai fara barinka ka haɗa da hannunka. Kada ka tsaya sai Bahaushe. A Alaba da Oshodi da nan cikin Agege akwai masu wannan aiki daga kowace ƙabila, wanda ya fi samun fita aiki shi za ka bi. In hannunka ya faɗa, ka nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Kamfanoni suna tambayarta. Takardun masu tafiyar da ayyuka irin namu, kamar PMP da wata cibiya ta Amurka ke bayarwa tun 1984, ba ka bukatarsu don wannan, kada wani ya karɓe maka kuɗi.

Duk mako muna zaman duba aiki, kuma na daɗe da daina tambayar foman "ina aka kai?" Amsar kullum ɗaya ce: saura kaɗan. Na ga ginin da ya yi wata huɗu yana saura kaɗan. Yanzu cewa nake mu je ka nuna mini. Kai ma ka sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, duk Juma'a in an sauko daga masallaci ka ba shi minti goma sha biyar. Me na ce zan yi makon nan, me na yi, me ya tare ni. Kada ka rubuta "na ƙaru sosai". Ka rubuta "na haɗa batir huɗu masu bolt 12 a jere, na auna da mita na ga 48". Ka ɗauki hoton duk aikin da hannunka ya taɓa, shi ne takardar shaidarka wurin kwastoma. In mako uku suka wuce a jere abu ɗaya ke tare ka, to ba mako ne ya ɓaci ba, shirin ne ke son gyara. Ka kuma sa wa kanka ranar yanke shawara tun yanzu, a ce bayan wata huɗu: in har lokacin tsani kawai kake ɗauka, ka canza oga, kada ka ce ai na riga na ɓata wata huɗu a nan.

Akwai inda wannan ilimin yake tsayawa, kuma da kaina na gano. Ina da shekara talatin da 'yan kai na zana wa rayuwata jadawali irin mai sanduna da ake jingina wa wani injiniyan Amurka, Henry Gantt, na manna a bangon ɗaki: shekarar kaza digiri na biyu, shekarar kaza gida a Zariya. Sai mahaifina ya kwanta ciwo. Wata takwas ina zirga-zirga tsakanin Legas da gida a motar dare. Wata rana ina zaune a bakin gadonsa na kama kaina ina lissafin makonnin da jadawalina ya zame. Kunyar da na ji ran nan har yau ba ta sake ni ba. Da na dawo na ɓamɓare takardar. Digirin na yi shi daga baya, ya makara da shekara uku, babu wanda ya taɓa tambayata dalili. Iyaye da ibada da zumunci ba su da ranar miƙa makulli, kada ka sa su a cikin littafin nan. Littafin na awa 21 ɗin nan ne kawai.

Makon nan abu uku sun ishe ka. Ka rubuta jimlarka ɗaya da wata da shekara a jiki. Ka haɗa katin NIN da sakamakon jarrabawa ka duba sunayen harafi-harafi. Ranar hutunka kuma ka je ka samu masu sola uku ka yi musu tambayar watanni, ka lura da wanda wayarsa ta fi yawan ƙara. In ka yi, ka rubuto mini abin da suka ce mu yi lissafin tare. Kafin ranar fita ta farko ka nemi takalmi mai ƙasan roba, ko na gwanjo ne a Katangowa. Kwanon rufi da safe raɓa gare shi, silifas ba ya kama shi.